Farautar elk a Kolorado: wane harsashi zan ɗauka cikin uku?

Ɗan Samaru:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san bindiga da harsashi a cikinmu, musamman waɗanda suka taɓa farautar manyan namun daji a ƙasashen da doka ta yarda da ita. A watan Oktoba mai zuwa, idan Allah ya kai mu, zan ziyarci wani tsohon abokin aikina da ke zaune a jihar Kolorado ta Amurka, kuma ya shirya mana fita farautar dabbar da suke kira elk. Ga wanda bai san ta ba, dangin barewa ce mai ƙaho mai rassa, amma a girman jiki ta fi kusa da gwanki, har ma namijin yakan ɗara gwanki nauyi, domin yakan kai kilo 320, macen kuma kimanin kilo 230.

Sanina da farauta bai wuce irin tamu ta gida ba. Na tashi ina bin kawuna da harbi-ruga a dazuzzukan da ke bayan Shika, daga baya kuma na riƙe bindiga mai baki biyu wajen harbin zabi da fakara da zomo, wadda harsashinta ƙananan ƙwayoyi ne masu watsuwa. Wannan kuwa harka ce ta daban, domin ƙwaya ɗaya tak za ta fita, kuma ana so ta sami dabbar da ke tsaye a nisan yadi 200 ko 300.

Mai masaukina yana da bindigogi biyu da zai iya ara mini, ɗaya mai cin harsashin .30-06 Springfield, ɗaya kuma mai cin .300 Winchester Magnum. Ya ce in zaɓi bindiga, sannan in zaɓi harsashi, domin ya saya ya ajiye tun kafin lokacin farauta ya matso kaya su yi wuya a kanti. Idan .30-06 na ɗauka, abin da ya lissafo mini uku ne: Remington Core-Lokt mai nauyin giren 150 (giren shi ne ma'aunin nauyin ƙwayar harsashi), da wanda aka ɗora wa ƙwayar Nosler Partition mai giren 180, da kuma Barnes TTSX mai giren 168, wanda ya ce babu dalma a cikinsa ko kaɗan. Na farkon ya fi sauran araha, kuma bisa abin da aka rubuta a jikin kwalinsa ya fi su gudu.

Shin gudu ne ya fi muhimmanci ko nauyi? Akwai dalilin da zai sa mutum ya biya ƙarin kuɗi a kan abin da a ido duk kamarsu ɗaya? Kuma dabba mai wannan girma tana buƙatar babbar bindigar, ko .30-06 ta wadatar? Babban abin da nake gudu shi ne in raunata dabba ta tsere ta je ta mutu inda ba wanda zai amfana da ita.

Tsohon Soja, Basawa:

Wa alaikumus salam, Malam. Na daɗe ina koyar da harbi kafin in ajiye kaki, kuma ko da yake harsashin soja da na farauta ba aikinsu ɗaya ba, sanin bambancinsu shi ne zai warware maka rabin tambayarka.

Harsashin da muke amfani da shi a soja an lulluɓe dalmarsa da rigar ƙarfe har tsini, saboda haka yakan shiga ya fita bai sauya siffa sosai ba. Da gangan aka yi shi haka, domin yarjejeniyar Hague ta 1899 ta hana amfani da harsashi mai bajewa a jikin mutum a fagen yaƙi. A farauta kuwa akasin haka ake nema, har wurare da dama sun haramta harbin babbar dabba da irin namu, saboda yakan huda ta ya wuce ya bar 'yar ƙaramar kafa, dabbar ta yi nisa kafin ta faɗi. Ƙwayar farauta ana barin dalma a fili a tsininta, ko a yi mata rami a toshe da ɗan roba, ta yadda da zarar ta daki fata da nama bakinta zai baje har ya kusa ninka faɗinsa. Aiki biyu ke nan aka ɗora wa abu guda, kuma suna karo da juna. Ana so ta baje domin ta yi ɓarna mai faɗi a huhu, ana kuma so ta riƙe nauyinta domin ta yi zurfi. Wadda ta baje da wuri ta tarwatse ba za ta isa inda ake so ba, wadda kuma ta ƙi bajewa ta koma irin ta soja. Duk bambancin kuɗin da aka lissafo maka a kan yadda kowane kamfani ya sasanta waɗannan biyun yake.

Core-Lokt tun 1939 ake yin sa, kuma ba mai raina shi, domin dabbobin da ya kayar ba su ƙirguwa. Amma ƙirarsa ta da ce, wato curin dalma a cikin rigar jan ƙarfe, an dai ƙara wa rigar kauri a tsakiya domin ta riƙe dalmar, ba a narka su sun haɗe ba. Mai giren 150 yana barin bakin bindiga da gudun ƙafa 2,910 a sakan, mai giren 180 kuma kimanin ƙafa 2,700. Ƙarin gudun nan da ya burge ka a jikin kwali shi ne zai iya zame maka matsala, domin idan elk ya ɓullo maka a yadi 50 ka sami ƙashin kafaɗa, ƙwaya mara nauyi mai tsananin gudu tana iya rabuwa da rigarta ta ƙare kafin ta ratsa huhu. Giren 150 na irin wannan ƙira ya fi dacewa da barewa da makamantanta. Da a ce Core-Lokt mai giren 180 ne aka lissafo maka, da ban hana ka ba.

Batun bindiga kuwa, ɗauki .30-06 ba tare da dogon tunani ba. Ita .300 Magnum tana tura ƙwaya mai giren 180 da ƙarin gudun kimanin ƙafa 250 a sakan, wanda amfaninsa sai a nesa yake bayyana, amma tana dukan kafaɗa da ƙarfi, ƙararta ma ta fi tsanani. Abin da na sha gani a filin harbi shi ne duk wanda ya fara jin tsoron bindigarsa yakan runtse ido ya fizgi kunama, kuma shi kansa bai san yana yi ba. Yadda muke kama mai wannan ɗabi'a shi ne mu cusa masa harsashin koyo mara albarushi a cikin na gaske ba da saninsa ba; idan ya zo kansa sai ka ga bakin bindiga ya duƙa ƙasa alhali babu abin da ya tashi. Ka sa abokinka ya yi maka wannan gwaji. Kai da ka saba da mai baki biyu akwai wani sabon da za ka yi fama da shi, wato bin tsuntsu da bakin bindiga a ja kunama da sauri. A nan sai an jingina bindiga a kan jaka ko sanda, an daidaita numfashi, sannan a matsa kunama a hankali har ta tashi da kanta.

Likitan Dabbobi, Shika:

Yallaɓai Tsohon Soja ya yi bayanin ƙarfe, bari in ɗora da na nama da ƙashi, domin ba a fahimtar aikin harsashi sai an san abin da zai ratsa.

Babbar dabba ba ƙarfin duka ne yake kashe ta ba. Abin da ke kashe ta shi ne jini ya daina kai wa ƙwaƙwalwa iska, kuma hanya mafi sauri da tabbas zuwa ga haka ita ce a huda huhu biyu, ko zuciya da manyan jijiyoyin da ke samanta. Wurin da ake nema a ƙirjin elk bai gaza faɗin babban faifai ba, don haka ba ƙaramin wuri ba ne. Idan dabbar ta tsaya ta ba ka gefe sosai, ka bi layin bayan ƙafar gaba zuwa sama, ka tsaya a kashi ɗaya cikin uku na tsayin jiki daga ƙasa. A wannan tsayuwa fata ce da haƙarƙari kawai ke tsakaninka da huhu, kuma gaskiya ko wanne daga cikin harsasan nan uku zai yi aiki.

Sai dai dabbar daji ba ta cika tsayawa yadda kake so ba. Idan ta ɗan karkato tana fuskantarka, allon kafaɗa da kuma ƙashin damtse, wanda ya fi shi kauri da tauri, su ne za su tare hanya. Idan kuma ta ɗan juya tana tafiya, dole ƙwayar ta shiga ta bayan haƙarƙari ta nufi kafaɗar ɗaya ɓangaren, wani lokaci ta bi ta gefen tumbi, kuma tumbin dabba mai tuƙa cike da jiƙaƙƙiyar ciyawa yana tsayar da harsashi fiye da yadda mutane ke zato. A nan ne ake gane amfanin ƙarin kuɗin. Elk da aka huda masa huhu ɗaya kawai yana iya yin tafiya mai nisa cikin duwatsu da duhuwar itatuwa. Shi ya sa nake fifita ƙwayar da za ta shiga ta fita ta ɗaya gefen: kafa biyu suna sa iska ta shiga ƙirji huhu ya motse da wuri, kuma kafar fita ita ce ke zubar da jinin da za ku bi, domin ta shiga ƙarama ce, gashi da kitse sukan toshe ta. Harbin kai da wuya kuwa ka rabu da shi. Ƙwaƙwalwa ƙarama ce, kai kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuskuren 'yan inci kaɗan zai karya muƙamuƙi dabbar ta tsere ta mutu da yunwa bayan kwanaki.

Zaɓina a cikin ukun shi ne TTSX, kuma dalilina ya wuce batun zurfi. Ƙwayar jan ƙarfe ce zalla mai rami a tsini, idan ta daki nama sai bakin ya tsage gida huɗu ya lanƙwashe baya, kuma sau da yawa akan same ta da fiye da kashi 95 cikin 100 na nauyinta. Mai dalma kuwa, nauyin da ta rasa a hanya ba ɓacewa ya yi ba, yana nan a cikin naman. Hotunan da ake ɗauka da na'urar haska jiki sun nuna ɗaruruwan ƙananan ɓurɓushin dalma a gawar dabba, wasu nesa da hanyar da harsashin ya bi, kuma da yawansu ido ba ya gani, haƙori ma ba ya ji. Mu a nan ba sai an yi mana dogon bayani kan dalma ba, tunda mun ga abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu a yankunan Anka da Bukkuyum sakamakon ƙurar dutsen zinari da ake niƙawa a cikin gidaje. Ba ina kwatanta yawan wancan da wannan ba ne, tazararsu tana da girma ƙwarai, amma masana lafiya sun yi ittifaƙi cewa babu wani adadin dalma da za a ce ba ya cutar da ƙaramin yaro ko mai juna biyu. Jihar Kalifoniya ta hana farauta da harsashi mai dalma baki ɗaya tun daga Yulin 2019, musamman saboda wata babbar ungulu da ake kira kondo, wadda ke cin kayan cikin da maharba suka bari ta kamu da guba.

Jan ƙarfe yana da sharaɗinsa. Ya fi dalma tauri, saboda haka yana buƙatar gudu kafin ya buɗe sosai, kuma masu amfani da shi sukan so ya isa jikin dabba da gudun da bai gaza ƙafa 2,000 a sakan ba. Dalilin ke nan da ake sauka ƙasa kaɗan a nauyi idan za a ɗauke shi, kuma giren 168 ɗin da aka lissafo maka daidai ne. Idan kuma ka ƙare a kan mai dalma, ka yanke naman da ke kewaye da raunin da yalwa ka zubar, kada a sa shi a injin niƙa.

Injiniya, Tudun Wada:

Na zauna a yammacin Amurka lokacin karatu da ɗan aiki, kuma na bi maharba cikin duwatsun can, saboda haka zan ƙara wasu lissafai a kan abin da manyanmu biyu suka faɗa, sannan in ɗan saɓa wa Likita a wuri ɗaya.

Ita Partition matsalar da Yallaɓai ya bayyana ce ta haife ta. A 1946 wani Ba'amurke mai suna John Nosler ya je farauta a lardin British Columbia na Kanada da bindiga .300 H&H, ya harbi wata dabba da ta fi elk girma wadda jikinta ya yi kauri da busasshen taɓo, ƙwayoyin suka riƙa tarwatsewa ba su shiga ba. Da ya koma gida sai ya ƙera ƙwaya mai ɗaki biyu na dalma da bangon jan ƙarfe a tsakani, ya fara sayarwa a 1948. Ɗakin gaba mai laushi ne, yana bajewa da wuri har wani sashensa ya zube, amma bajewar tana tsayawa a jikin bangon, ɗakin baya kuma ya ci gaba da kutsawa. Galibi akan same ta da kimanin kashi biyu cikin uku na nauyinta. Kamfanin ya ce tana buɗewa ko da gudunta ya sauka zuwa ƙafa 1,800 a sakan.

Game da tambayarka ta gudu ko nauyi, akwai ma'aunin da ya fi su duka bayani, wato yawan nauyin da ke bayan faɗin ƙwayar. Ana mayar da nauyin zuwa fam, giren 7,000 ke yin fam ɗaya, sannan a raba da faɗin ƙwayar sau kansa. Ƙwayar .30-06 faɗinta inci 0.308 ne, saboda haka mai giren 150 tana ba da 0.226, mai giren 168 tana ba da 0.253, mai giren 180 kuma 0.271. Idan ƙira ɗaya ce, wadda lambarta ta fi girma ita ta fi zurfi, kuma ga dabba irin elk mutane sukan nemi 0.250 zuwa sama. Wannan lissafi shi ke bayyana abin da ke ba wasu mamaki, cewa a ƙasar Suwidin sun shafe fiye da shekara 100 suna kayar da dabbar da ta fi elk girma da ɗan siririn harsashin 6.5x55, wanda ƙarfinsa bai kai na .30-06 ba, saboda ƙwayarsa doguwa ce mai giren 156. Sai dai lissafin yana aiki ne muddin ƙwayar tana riƙe da nauyinta, shi ya sa jan ƙarfe mai giren 168 yakan yi zurfin da ya kai ko ya wuce na mai dalma da ta fi shi nauyi.

Ga yadda Partition mai giren 180 take tafiya daga .30-06. Idan ka saita bindigar ta riƙa faɗawa daidai a yadi 200, za ta hau da kimanin inci 2 a yadi 100, ta sauka da inci 8 zuwa 9 a yadi 300, a yadi 400 kuma saukar ta kai wajen ƙafa 2. Gudunta a yadi 300 yana kusa da ƙafa 2,150, a yadi 400 kuma kusa da 2,000. Ma'ana harsashin yana da sauran ƙarfi har yadi 400, amma kai da kake sabon shiga ka yanke wa kanka iyaka a yadi 300, ko ma 250, domin iska mai gudun kilomita 16 a awa kaɗai tana iya ture ƙwayar da kusan inci 7 a yadi 300. Ka kuma tuna cewa Zariya ba ta wuce mita 700 sama da teku ba, alhali wuraren farautar can sukan kai mita 2,500 zuwa 3,000. Ƙarancin iska yana sa harsashi ya ɗan rage sauka, amma wannan ƙaramin abu ne idan aka auna shi da yadda ƙirjinka zai riƙa bugawa bayan hawan tudu.

Inda na saɓa wa Likita shi ne a kan cewa jan ƙarfe ya fi a kowane hali. Maganarsa kan dalma gaskiya ce kuma ban musa ba. Amma ramin da jan ƙarfe ke yi a huhu yakan fi ƙunci, musamman idan gudu ya ragu, kuma maharba da yawa sun lura dabbar takan ɗan ƙara tafiya kafin ta faɗi idan ba a sami ƙashi ba. Partition, saboda gabanta yana fashewa, tana ɓata huhu da faɗi a kusa da nesa, kuma ga baƙon da bai san dajin ba, dabbar da ta faɗi a gabansa ta fi masa wadda za a bi sawu da yamma. Akwai kuma wani aji da mai masaukinka bai ambata ba, wanda ake narka dalma ta manne da rigarta, irin su Nosler AccuBond da Swift A-Frame, su ma sun dace. Abin da za ka guje wa shi ne ƙwayoyin gasar harbin allo masu siririyar riga, duk yadda aka yaba maka daidaitonsu, domin ba don nama aka ƙera su ba.

Amma fa bindigar ce za ta yanke hukunci na ƙarshe. Kowane bututu yana da harsashin da yake so, har bindigogi biyu ƙirar kamfani ɗaya sukan bambanta. A sayi kwali ɗaya na Partition da ɗaya na TTSX, a harba uku-uku a yadi 100 daga kan teburi, a riƙa barin bututun yana hucewa. Wanda ya tara ƙwayoyinsa cikin inci ɗaya da rabi ya wadatar. Idan duka biyun sun yi haka, to, sai ka auna hujjata da ta Likita. Duk wanda ka ɗauka, da shi za ka saita madubin bindigar, kada ka saita da mai araha ka fita da mai tsada, domin ba wuri ɗaya suke faɗawa ba.

Ta fuskar doka, Kolorado tana buƙatar bakin bindiga kada ya gaza inci .24, ƙwayar ta zama mai bajewa, kuma ga elk kada nauyinta ya gaza giren 85, saboda haka duka ukun sun wuce sharaɗin. Wanda aka haifa daga 1 ga Janairu 1949 zuwa yau sai ya nuna shaidar kwas ɗin koyon farauta kafin a sayar masa da lasisi, kuma dokar tarayya ta hana baƙo mai bizar ziyara riƙe bindiga ko harsashi sai idan yana da lasisin farauta mai aiki. Ka tabbatar lasisin yana hannunka kafin ma ku je filin gwaji.

Malam, Ƙofar Doka:

Allah ya saka wa waɗanda suka yi bayani. Ina so in tunatar da mai tambaya cewa maganar hudawa da zurfi da ake ta yi tana da alaƙa kai tsaye da halaccin naman. Sahabi Adiyyu ɗan Hatim ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da farauta da wani sanda mai tsini da ake jifa da shi, sai aka ba shi amsa cewa abin da tsinin ya huda a ci, abin da kuma sandan ya buge da gefensa ya mutu kada a ci, domin bugagge ne. Da bindiga ta bayyana, mafi yawan malaman baya sun halatta abin da harsashi ya kashe, saboda yana hudawa yana zubar da jini.

Sharuɗɗan su ne ka yi niyya, ka ambaci sunan Allah a lokacin da za ka matsa kunama, kuma a sanannen ra'ayin mazhabarmu ta Malikiyya sai maharbin ya kasance Musulmi. Wannan ya shafe ka idan a cikin abokan tafiyarku akwai wanda ba Musulmi ba da zai ƙara wa dabbarka harbi, gara ku yi maganar tun a gida. Idan ka iske ta da sauran rai kuma harbin bai sami makasa ba, wajibi ne ka yanka, don haka wuƙa mai kaifi ta kasance a jikinka ba a cikin mota ba, kuma kada ka yi sakaci wajen bin ta. Akwai kuma magana a kan dabbar da ta ɓace wa maharbi har ta kwana sannan aka same ta a mace, inda sanannen ra'ayi a wajenmu shi ne a bar ta. Saboda haka harsashin da zai kayar da ita da wuri, ko ya bar jinin da za a bi kafin duhu, ba ƙawa ba ne a wajenka.

Ɗan Samaru:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na sanar da mai masaukina cewa .30-06 zan ɗauka, kuma ya sayi Partition da TTSX kwali ɗai-ɗai mu gwada. Idan duka sun yi daidai, zuciyata ta fi karkata ga na jan ƙarfe, saboda akwai ƙananan yara a gidansa kuma su za su fi cin naman. Saura tambaya biyu ga Yallaɓai Tsohon Soja. Shin irin wannan harsashi zai isa ga ɓauna, idan wata rana hali ya yi na je inda ake farautarta bisa doka? Kuma abin da ya rage a kwalin, akwai hanyar da zan zo da shi gida?

Tsohon Soja, Basawa:

Duka biyun amsarsu a'a ce, Malam. Ɓaunar gabashi da kudancin Afirka takan ninka elk nauyi, fatarta ta fi kauri, haƙarƙarinta masu faɗi ne har suna hawa kan juna, sannan idan aka raunata ta tana iya juyowa kan maharbi. A Tanzaniya mafi ƙarancin abin da doka ta yarda a harbe ta da shi shi ne .375, kuma wanda aka fi sani a wannan aji shi ne .375 H&H da aka fito da shi a Ingila a 1912, mai ƙwayar giren 300. A al'adar masu wannan farauta, harbin farko akan yi shi da ƙwaya mai bajewa mai ƙarfin riƙe kanta, irin A-Frame ko TSX ('yar'uwar TTSX ta jan ƙarfe), sannan a biyo da ƙwaya tsan-tsan mara bajewa, domin idan dabbar ta juya tana gudu sai an ratsa ta tun daga baya kafin a kai ga huhu. Ita .30-06 da giren 180 aikinta ya tsaya a kan gwanki da kanki da makamantansu. A nan gida kuwa wuraren da suka rage da irin waɗannan dabbobi, kamar Yankari a Bauci da Kamuku a Birnin Gwari, an hana farauta a cikinsu.

Batun zuwa da ragowar harsashi kuma, kada ka soma. Dokar makamai ta 1959 ta hana mallaka ko shigo da harsashi ba tare da lasisi ba, kuma ta sa bindigogin soja masu baki milimita 7.62 cikin jerin haramtattu, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa. Ƙwayar .30-06 kuwa faɗinta ɗaya da na 7.62, kuma jami'in da ya gan ta a jakarka ba zai tsaya sauraren labarin elk ba. Ka bar wa mai masaukinka abin da ya rage, sannan kafin ka tafi filin jirgi ka zazzage jakar da ka shiga daji da ita, ka laluba aljifan rigar sanyi da na wando ɗaya bayan ɗaya, domin ko kwanson da aka riga aka harba yana iya sa a tsare ka.